Ranar Hoton Inna

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Inna, magana ɗaya tak ta rage mata a baki: "Da sauƙi." Hankalinta yana nan garau. Tana jin komai, tana gane kowa, ta san wanda ya shigo ya gaishe ta da wanda ya wuce ƙofarta yana toshe hanci. Amma in ta buɗe baki za ta ce ruwa, sai ta ji "da sauƙi" ta fito. In za ta ce a juya ta bayanta ya ƙage, da sauƙi. In jika ya taka mata ƙafa, da sauƙi. Matar da a da in ta ɗaga murya a tsakar gida sai kajin maƙwabta sun watse, yau nata harshen ne ke mata ƙarya, kuma ba yadda ta iya da shi.

A gidan babban ɗanta take jinya, wanda kowa ke ce wa Yaya, mai shagon robobi a bakin titi. Matarsa Anti ce ke riƙe da gidan. Autan Inna kuwa yana aiki da wani kamfanin gine-gine a gari mai nisa, irin tafiyar da sai an kwana a hanya. Auta bai yi rowa ba, a faɗi gaskiya. Ya aiko da gadon ƙarfe, da katifa mai kauri, da keken marasa lafiya. Daga baya kuma wani direban babbar mota ya kawo ɗan kwali, aka buɗe, sai ga waya mai ɗaukar hoto.

A lokacin ko wayar hannu ba kowa ke da ita ba, balle mai hoto. Ana buɗe ta kamar gwangwanin hoda, gilashinta bai fi akwatin ashana ba, in an danna sai ta ce ƙyas. Ranar da ta iso unguwa ta cika gidan. Mai shayi ya zo a ɗauke shi riƙe da butarsa, tela ya zo da tef a wuya, matan layi suka koma suka sake ɗaurin ɗankwali. Kafin la'asar wayar ta ce ta cika, cajinta kuma ya ƙare, sai da aka goge rabin unguwa kafin a samu wurin Inna.

Ita ma Inna ta so wayar nan da farko. A cikinta ta fara ganin jaririyar da aka haifa wa Auta. Hoton dishi-dishi ne, kai ka ce ta bayan labule ake leƙen yarinyar, amma Inna ta gane goshin, nata ne sak. Ta daɗe tana kallo, hawaye na gangara mata cikin kunne. Da Auta ya bugo aka kara mata wayar.

"Inna, yaya jiki?"

"Da sauƙi."

"Alhamdu lillahi. Yaya, don Allah duk ƙarshen mako a riƙa turo mini hotonta. Ka san gani ya kori ji."

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Yaya. "Kai dai ka riƙa turo kati, don tura hoto ɗaya ci yake kamar gara."

Ba a jima ba Anti ta fara ƙorafi. Ɗakin Inna yana manne da falo, baƙi suna shigowa, kuma ita ba za ta iya da zunɗen mutane ba. Ta ce ɗakin baya ya fi iska, ya fi shiru, mara lafiya kuma ba abin da yake so irin shiru. Ɗakin bayan nan sito ne. Nan Yaya ke jibge bokitai da bahuna da kujerun roba har rufi, tagarsa ɗaya, ita ma kaya sun toshe ta. Aka ture bokitai gefe, aka shimfiɗa tabarma da leda, aka kwantar da Inna. Gadon da katifar aka bar su inda suke, wai kada fitsari ya lalata kayan da yaro ya sha wahala ya saya. Keken kuwa Yaya ya gano yana ɗaukar dozin ɗin baho lafiya lau daga gida zuwa shago.

"Na ɗan lokaci ne, Inna," ya ce yana kallon bango. "Ko ba haka ba?"

Ta tattara duk ƙarfinta za ta ce masa Allah ya isa.

"Da sauƙi," ta ce.

"Kin ji ko?" ya ce wa Anti. "Ita ma ta fi son nan."

Daga nan rayuwar Inna ta rabu gida biyu: ranar hoto, da sauran ranaku.

Sauran ranaku ba su da labari. Da hantsi a turo mata shayin da ya huce, a ajiye ta ɓangaren hannun da ya mutu, a fita. Ledar da ke ƙarƙashinta sai an tuna ake canza ta. Ƙudaje sun san ɗakin fiye da jikokinta. Tana jin hayaniyar gidan ta bayan bango, ana daka, ana dariya, ana kiran yara su zo su ci abinci, ita kuma tana kwance tana kallon gindin bokitai.

Ranar hoto kuwa, sai ka rantse biki za a yi. Wayar ba ta gani a duhu, in an ɗauka a sito baƙi ƙirin take fitarwa, don haka dole a fito da Inna. Anti za ta ɗaure hanci da gyale, ta watsa mata ruwa a gurguje, ta goga mata mai, ta zizara mata kwalli, ta ciro ɗaya daga cikin zannuwan da Auta ya aiko. Sai a kinkime ta a kai ta kan gadon ƙarfen, a buɗe labule rana ta shigo, a jingina ta da matasai. Anti ta tsuguna a bayan gadon, ta tallafe mata ƙeya da hannu yadda ba za a gani ba.

To, akwai miki da ya fara buɗewa a ƙugun Inna saboda kwanciya wuri ɗaya. Duk lokacin da aka zaunar da ita a kansa, azaba kan ratsa ta har ƙwaƙwalwa, ta yage baki, haƙoranta su fito, idanunta su ƙanƙance. Daidai nan Yaya ke dannawa.

Ƙyas.

"Yauwa! Wannan ya yi kyau."

Kuma wallahi ya yi. A ɗan gilashin nan mai hazo ba ka ganin zufar da ke goshinta, ba ka ganin jijiyar wuyanta da ta miƙe. Tsohuwa kake gani cikin sabon zane, tana washe baki. Can anjima sai Auta ya bugo, muryarsa cike da murna.

"Kai, Yaya! Inna har dariya take yi! Anti, Allah ya saka miki da alheri, ba kowace mace za ta iya abin da kike yi ba."

"Haba, ai uwa ce," in ji Anti, tana cire wa Inna zanen kafin ya ɓaci.

Inna ta tsani ranar hoto kamar mutuwarta. Amma mutum ba ya sanin abin da yake da shi. Ko ba komai a ranar ruwa kan taɓa jikinta, ta ga rana, ta ji laushin katifa na ɗan lokaci.

Wata rana maƙwabciyarsu, malamar asibiti, ta shigo sayen baho. Yaya ba ya nan, Anti ta ce ta shiga sito ta zaɓa da kanta, ta manta da abin da ke ciki. Malama ta shiga, ta tsaya cak. Ta durƙusa ta ɗaga zanen Inna, ta juya ta a hankali, ta ja salati.

"Anti! Zo nan. Tun yaushe wannan mikin yake?"

Anti ta tsaya daga bakin ƙofa. "Ɗan ƙurji ne, muna sa masa hoda."

"Hoda? Wannan rami ne, yatsana zai shige. Matar nan kullum sai an juya ta sau da yawa, a wanke wurin, a sa magani, a kwantar da ita kan katifa. Ina katifar da na ga an sauke daga mota?"

"Malama, hannuna biyu ne. Ga yara, ga girki, ga wanki. Ni ma fa ba ƙarfe ba ce. 'Ya'yan da ta haifa ɗaya yana shago, ɗaya yana can yana shan iska, ni da ban haɗa jini da ita ba ni ce baiwar. Kuma ki tambaye ta mana, ga ta nan. Inna, yaya jikin?"

Inna ta kafe Malama da ido, tana roƙonta da duk abin da ido zai iya.

"Da sauƙi."

"To kin ji da kunnenki."

Malama ba yarinya ba ce. Ta wanke mikin, ta ɗaure, ta tare Yaya a shago da yamma ta faɗa masa gaskiya tsirararta. Yaya ya saurara har ta gama, ya ce ya gode, ya ce ciwo da sauƙi duk na Allah ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da ta nemi lambar Auta sai ya ce bai haddace ba, wayar kuma ba caji. Ya dawo gida ya kafa doka: kada wanda ya sake shiga sito in ba ɗan gida ba. Aka sayo kwaɗo aka maƙala a ƙofar, wai saboda ɓarayin roba.

Dabarar da ta ƙarasa Inna kuwa, Anti ce ta gano ta. Wata ranar hoto ce, ta gama wankan tana haki, bayanta na ciwo, sai ta tsaya da zane a hannu.

"Baban yara, wai ita wayar nan tana rubuta ranar da aka ɗauki hoto ne?"

"Ina fa. Ko agogonta ban iya saitawa ba."

"To me ya sa muke wahalar da kanmu duk mako? Mu ɗauka da yawa yau mana. A canza mata zane, a canza ɗankwali, a juya gadon. Duk ƙarshen mako ka tura ɗaya."

Yaya ya sosa ƙeya. Inna ta zuba masa ido. Wannan ɗan ita ta goya shi, ta san yadda fuskarsa take in zai yi abin da ya san ba daidai ba ne. Ta ga kunya ta zo masa, ta ga ta wuce.

"Ita ma ai hutu ne gare ta," ya ce. "Wannan ɗaukar da saukewar wahala ce."

Ranar Inna ta ga tashin hankali. Aka goge hoton mai shayi da na tela da duk wanda ya rage, har da na jaririyar Auta ya kusa tafiya, Yaya ya ce a bar wannan. A sa mata shuɗin zane, a zaunar da ita kan mikin, ƙyas. A cire, a sa ja, ƙyas. A ɗora mata kofi a hannu kamar tana shan shayi da kanta, ƙyas. A dawo da keken daga shago, a kakkaɓe shi, a ɗora ta a tsakar gida, ƙyas. Sai da wayar ta ce ta cika suka ƙyale ta. Aka mayar da ita sito a sume.

Shi ke nan ranar hoto ta mutu, wanka ya bi ta. Inna ta koma tana kwaɗayin ranar da ta fi tsana. Ƙarshen mako ya zo, ta kasa kunne ko za ta ji an ɗora ruwan zafi, sai dai ta ji Yaya a tsakar gida yana ɗaga waya sama yana neman sabis, yana tsaki don saƙon ya ƙi tafiya. Can Auta ya bugo yana yaba yadda ta yi ƙiba. A hoto Inna tana murmurewa mako bayan mako. A sito kuwa naman jikinta yana zubewa, gashinta ya cukurkuɗe, mikin ya yi 'yan'uwa a kafaɗa da diddige.

Abu ɗaya ne ya riƙe ta. Auta ya ce hutunsa na shekara ya kusa, zai zo ya kwana biyu. Shi take jira. Ba ta buƙatar baki in ya zo, hancinsa ma ya isa ya ba shi labari. Duk shayin da aka turo mata, ko ya yi sanyi ko ƙuda ya faɗa, sai ta ja jiki ta kai hannun hagu ta shanye, don kada ta mutu kafin ya iso.

Ran nan Yaya ya shigo da wayar a kunne, yana numfashi ta baki saboda wari. Ya danna ta yadda kowa zai ji.

"Ga ta nan, yi magana."

"Inna! Na ga hotonki a keke, har tsakar gida kike fitowa yanzu! Wallahi hankalina ya kwanta. Inna, dama wata shawara ce. An ba mu sabon aiki, shugabanmu ya ce duk wanda ya ɗage hutunsa za a ƙara masa girma. Da na ga jikin naki ba daɗi da ba abin da zai tsayar da ni. Amma tunda kin samu lafiya haka, na ce bari in bari sai baɗi, in zo da yarinyar gaba ɗaya ta fara tafiya. Ko ya kika gani? Jikin dai da dama ko?"

Zo. Harafi biyu ne kacal. Inna ta dunƙule hannu, ta tura harshe bayan haƙora, jijiyoyin wuyanta suka tashi, ta ji kalmar ta taso tun daga cikinta, ta iso maƙogwaro.

"Da sauƙi."

"Madalla! Na san za ki fahimta. Allah ya ƙara lafiya, Inna."

Yaya ya rufe wayar ya fita da sauri ya tofar da yawu a waje.

Inna ba ta yi kuka ba, takaicin ya wuce kuka. Ta kwanta tana tunani, don tunani ne kaɗai aikin da ya rage mata. Da can, kafin wannan abar ta shigo gidan, in Auta ya ji shiru ko ya ji muryarta ba daidai ba, mota yake hawa. Yanzu an ba shi abin kallo a aljihu. Duk lokacin da zuciyarsa ta ce masa tashi ka je ka ga uwarka, sai ya buɗe ya ga tana dariya, ya mayar aljihu ya ci gaba da aikinsa. Muddin wayar nan tana numfashi, ita da Auta sai a lahira.

Akwai wani baho a gefen tabarmarta da Anti ta jiƙa tsummokaran shimfiɗa a ciki ta manta da su, ruwan har ya yi kauri. Inna ta fara ja da jiki wajensa, kaɗan-kaɗan, da gwiwar hannu ɗaya. Ta riƙa motsa yatsun hagu tana damƙar bakin tabarma tana saki, kamar mai koyon aiki.

Da ƙarshen mako ya zagayo Auta ya bugo, Yaya ya shigo. Wannan karon warin ya fi ƙarfinsa. Ya cusa mata wayar a hannu, ya kara mata a kunne.

"Riƙe, Inna, ina zuwa."

Ya fice. Muryar Auta ta cika mata kunne. Yana ba ta labarin yarinyar, wai ta fara haƙori, tana cizon kowa, halinta sak na kakarta. Yana dariya. Inna ta lumshe ido tana sha kamar mai ƙishi. Ta san in ta yi abin da ta yi niyya, wannan muryar ta tafi, goshin jaririyar ma ya tafi, kuma ba ta da tabbacin za ta ga ko ɗaya daga cikinsu da idonta. Ta bari ya kai ƙarshen labarin. Sannan ta miƙa hannu, ta saki wayar cikin bahon.

Ƙarar da ta yi ba ta fi ta tsakuwa ba.

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa. Yaya ya tsoma hannu cikin ruwan da bai taɓa yarda ya kalla ba, ya ciro ta yana salati. Anti ta zo tana tafa hannu.

"Da gangan ta yi! Wallahi da gangan! Dubi idonta! Tsohuwar nan muguwa ce, ana ganin ta kwance kamar ba ta san komai ba!"

Karo na farko ke nan da wani a gidan ya yarda cewa Inna tana da hankali.

Aka shanya wayar a rana, aka kai wa mai gyara, ya buɗe ya sunsuna ya mayar musu, ya ce ta mutu murus, da ita da duk abin da ke cikinta. Yaya ya je wurin masu buga waya na bakin titi ya gaya wa Auta cewa yara ne suka jefa ta a ruwa, Inna kuwa lafiya lau, tana gaishe shi. Mako ya zo ya wuce ba hoto, ba muryarta. Wani ya sake zuwa.

Anti kuma ta ɗauki fushi. Shayin safe ya koma na rana, wani lokaci ma sai an manta. Zazzaɓi ya shiga Inna, ya riƙa kaɗa ta yana saki. Idan ya sake ta sai ta tambayi kanta ko wauta ta tafka, ta yanke igiya ɗaya da ta rage tsakaninta da ɗanta. Hannun hagun ma ya fara nauyi. Ta daina iya kai wa kofi.

Da wata azahar ta ji sallama a tsakar gida, ta ɗauka zazzaɓin ne ke mata wasa. Sai ta ji faranti ya faɗi daga hannun Anti.

"Lah! Auta! Kai ne ba sanarwa? Shigo falo, shigo ka huta, bari a kawo ruwa. Ke, ruga shago ki kira babanku!"

"Wucewa nake, Anti, aiki aka aike mu nan kusa, gobe zan koma. Na ce bari in kawo muku sabuwar waya, wannan ta fi waccan fitar da hoto. Ina Inna? Na leƙa ɗakinta ban gan ta ba."

"Tana... barci take. Zauna tukuna a ɗan kimtsa ta."

"A kimtsa ta a ina?"

Sai takun takalmi, ya nufi bayan gida, ya tsaya, ya dawo. Aka taɓa kwaɗon, ashe a buɗe yake. Ƙofar ta buɗe, haske ya faɗo kan Inna har ya sa ta runtse ido.

Auta ya ja baya ya rufe hanci da hannun riga. Ya yi ƙiba, ya yi fes, ga kwalin waya a hannunsa. Ya leƙa tsakanin bokitai ya ga wata 'yar ƙanƙanuwar tsohuwa kwance kan leda, ƙashi da fata, kai ba ɗankwali. Ya ɗan rusuna cikin ladabi, irin na yaron da aka yi wa tarbiyya.

"Sannu, Baba. Yi haƙuri, ban san da mutum ba." Ya juya. "Anti, wace ce wannan kuka ajiye a nan? Ina Innar take?"

Yaya ne ya amsa daga bayansa, yana haki saboda gudu.

"Ita ce."

Kwalin ya faɗi. Auta ya durƙusa, ya matso da fuskarsa, ya duba goshin, ya duba idon. Wani irin sauti ya fito daga ƙirjinsa, ba kuka ba ne, ba magana ba. Ya ɗaga zanen, ya ga abin da ke ƙarƙashi, ya sake shi da sauri. Ya miƙe ya shaƙe wuyan rigar yayansa.

"Me kuka yi mata? Yaya, me kuka yi mata? Hotunan da kake turo mini fa?"

Yaya bai ko ɗaga hannu ba.

"Sake mini riga. Ni ne nake kwana da ita a gida ɗaya, ni nake shaƙar wannan warin, kai kana can ana ƙara maka girma. Ka taɓa cewa in gaya maka gaskiya? Ka taɓa tambayar wa ke juya ta, wa ke kwashe kashinta? Hoto ka nema, hoto muka ba ka. In ka damu da ita haka, hanyar da ka biyo yau ai tana nan tun bara."

Maganar ƙazama ce amma ba ƙarya ba ce. Ga su nan tsaye a kanta, ƙarti biyu da ta haifa ta shayar, ɗaya ya ajiye ta cikin kayan shago, ɗaya ya ajiye ta cikin aljihu, kowa yana neman wanda ya fi wani laifi. Anti tana bakin ƙofa tana rantsuwa da cewa ita dai ta yi iyakar ƙoƙarinta, Allah ne shaida.

Auta ya sake durƙusawa, yana share fuska.

"Inna, ki yafe mini. Bari in je in samo mota yanzu-yanzu mu tafi asibiti. Yanzun nan zan dawo."

Ya yunƙura zai tashi. Hannun da ya kasa ɗaukar kofi ya tashi daga tabarma ya cafke masa wuyan hannu.

"Inna, mota kawai zan nemo."

Ta ƙara damƙewa, faratanta da ba a yanke ba suka nutse masa cikin fata. Ya gwada zare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ga sai dai in karya su zai yi. Ta kafe shi da ido, ba ta ko ƙiftawa. Ta sha jin "yanzu zan dawo" a gidan nan, ta san tsawonsa.

Auta ya dubi hannun, ya dubi ledar da ke jiƙe, ya dubi wandonsa mai guga. Sai ya zauna daɓas a ƙasa, ya ɗago kanta ya ɗora a cinyarsa.

"Yaya," ya ce ba tare da ya waiwaya ba, "je ka kira Malama, ka samo mota. Anti, ɗora ruwan zafi. Ni ba inda za ni."